Shekarar da Muka Ba Taubasai Gadin Daji

Tun da yaƙin nan ya kwaso ku daga Khartum ya dawo mini da ku gida, na lura kunnuwanku na ta tsintar labarai a hilla, wato ƙauyen nan namu. Wanda ya fi yawo shi ne wai ni Uwani na miƙe a gaban maza na tona wa mahaifina asiri a kan itace. To, an yi haka, ban musa ba. Sai dai masu ba ku labarin daga tsakiya suke ɗauko shi, a tsakiya kuma suke ajiye shi, su bar ku kuna yi mini kallon mara kunya. 'Ya'yana, ku gyara zama ku ji shi daga bakin mai shi.

Dajin da kuke bi ta gefensa idan lori ya sauke ku daga Doka, wanda kuke ganin kamar haka Allah Ya ajiye shi, saura ƙiris ya zama gonar dawa kamar sauran ƙasar nan. Lokacin da nake amarya daji ne ta ko'ina. Kafin in aurar da 'yar fari, motocin noma sun cinye gabas da yamma, ba abin da ya rage mana sai wannan yankin: hashab mai ba da ƙaro ta wajen tudu, talha kuma, wanda kakanninmu ke kira dushe, ta wajen kwari. A nan muke samun itacen girki, a nan awakinmu ke rayuwa da rani, kuma ƙaron hashab shi ke riƙe gida idan dawa ta ƙi. Dattawanmu suka yi ta zarya ofishin gandun daji har aka yarda a bar mana shi mu riƙe da kanmu, amma da sharaɗi. Mu kafa lajna, wato kwamiti, mu sa dokokinmu, mu tsare su. Idan muka kasa, hukuma ta karɓe abinta.

Ofishin ya ce lallai a sa mata a lajnar. Maza suka duba suka duba, suka ce a ba Uwani, tunda ko ba a ba ta kujera ba daga bayan danga za ta riƙa jefo magana. Na karɓa ban ko yi kara ba. Muka zauna muka tsara dokoki masu kyau, har yau ina alfahari da su. Ba a sare ɗanyen itace. Busasshe na kowa ne. Kowane gida da yankinsa na hashab. Dabbobi ba sa shiga sai an gama tsintar ƙaro. Ana gayya a share hanyar wuta da zarar ciyawa ta bushe. Sannan muka zaɓi majiya ƙarfi masu amana su riƙa gadi, kowa da ranarsa, kuma babanku yana cikinsu. Muka tashi muna yaba wa kanmu, ba wanda ya tuna cewa hillar nan gaba ɗayanta auren juna muka yi, kuma duk saurayin da muka ba sanda yana da surukin da ba ya iya haɗa ido da shi.

Kakanku, Allah Ya jiƙansa, gatari shi ne sana'arsa. Talha yake sara, ya faskara ta ƙanana, ya ɗora wa jaki ya kai Doka, mata su yi rububinta saboda dukhan, turaren jikin nan da ba amaryar da ake kaiwa ɗaki ba ta shiga ba. Kuma ba ya tsintar wadda ta mutu ta faɗi, ya ce gara ta shanye ƙamshinta. Ɗanya yake sara ya shanya da kansa. Da aka karanta dokoki a masallaci, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa Allah Ya sa albarka. Ashe a ransa dokar ta baƙi ce da yara.

Wata rana babanku ya dawo daga gadi da la'asar, jikinsa duk jan garin ɓawon talha, ya zauna ya ƙi cin abinci. Na yi ta tambaya kafin ya buɗe baki. Wai ya ji saran gatari a kwari, ya ɗaga sanda ya ruga yana ihu, yana zagaya wani kurmi sai ga Baba. Nan take ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya shiga gaisuwa. Baba ya amsa, ya tambaye shi gida da yara, ya ci gaba da saransa.

"To, sai ka ce masa me?" na tambaya.

"Na ce sannu da aiki."

"Shi ke nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga kayan sun yi masa nauyi, sai na taya shi ɗora wa jakin."

Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki, shi kuwa kamar ya yi kuka. Mai gadin daji ya ɗaure wa ɓarawon itace kaya, har da jan igiya da ƙafa don kada ya zube a hanya! Amma dariyar ba ta daɗe ba, don a bakin rijiya na gano ba gidanmu kaɗai ba ne. Tsofaffin nan sun haddace ranakun gadi fiye da masu gadin. Kowanne ya san ranar mijin 'yarsa, ranar yake wasa gatari. Wani ma har aike yake yi da safe a tambayo masa ko yau yaron nan ne a daji. A lajna kuwa, idan shehin hilla, wato mai garinmu, ya tambayi masu gadi, kowa sai ya ce lafiya lau, bai ga kowa ba. Kuma ba ƙarya suke yi ƙwarai ba, tunda kansu a ƙasa yake.

Da rani mufattish ya zo, wato jami'in da ofishi ke turowa duba daji. Mutum ne mai sanyin hali, ya sha jabana, gahawar nan tamu, tare da mu, ya yi raha, sannan ya ce a zagaya da shi. Muna sauka kwari murmushinsa ya ɗauke. Kututture ne fari fat ko'ina, wasu ko ruwansu bai bushe ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ce akwai wani ɗan kasuwa mai motocin noma da ya daɗe yana neman wannan fili, kuma shi ba shi da abin da zai kare mu da shi idan haka muke riƙon amana. Zai dawo bayan kaka. In ya tarar da sabon sara, dajin ya bar hannunmu.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Na san abin da motar noma ke yi wa daji, na gani da idona a hillar su mahaifiyata, inda mata ke sayen gawayi kamar 'yan birni, awaki kuwa an sayar da su tuntuni.

Don haka na fara ta inda ya kamata, kuma wannan ne masu ba ku labari ke tsallakewa. Na dafa asida, tuwon nan namu, da miyar kuɓewa yadda yake so, na kai wa Baba, na durƙusa na roƙe shi tsakanina da shi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce kakansa ya sauke kaya a gindin itatuwan nan a hanyarsa ta dawowa daga Makka tun ba a san ofishi ba, kuma da gatarin nan ya ciyar da ni har na yi bakin da nake yi masa wa'azi da shi. Ya ce masu motoci sun share ƙasa daga nan har Fashaga ba wanda ya ce musu kanzil, sai shi mai jaki ɗaya ne zai ƙarar da daji? Gaskiya ce ya faɗa. Na ce Baba, duk da haka wannan ne kaɗai ya rage mana. Ya ce in ɗauki kwanona, Allah Ya yi mini albarka. Washegari na ji gatarinsa daga tsakar gida. Na koma sau da yawa, har na haɗa shi da liman, duk a banza. Babanku kuwa ya ce gara ya ajiye sandar gadin da ya buɗe baki a gaban surukinsa, kuma ban ga laifinsa ba, haka aka rene shi.

Da damina ta kusa ɗaukewa shehin hilla ya tara kowa da kowa a gindin aduwar masallaci, maza a gaba, mu mata a gefe. Aka fara neman wanda ke saran. Wani ya ce masu zuwa yankan riɗi ne da ke wucewa. Wani ya ce masu raƙuma ne. Wani dattijo, wanda ni na san jakinsa ya fi kowane jaki sanin hanyar kwari, ya ce shi fa yana zargin aljanu, don wurin da ma ba ya rasa motsi. Aka yi ta gyaɗa kai. Baba yana zaune a sahun gaba yana jan carbi. Na duba na ga za a shafa fatiha a tashi a haka, dajin ya tafi, kowa ya riƙe kunyarsa ya ci da ita. Sai na miƙe.

"Allah Ya gafarta malam, ba baƙi ba ne, ba aljanu ba ne. Babana ne, ga shi nan zaune. Da shi da iyayenku. Yaran da muka sa gadi kuma surukansu ne, ba za su iya ba."

Babanku ya ja rawani ya rufe fuska. Baba bai juyo ba, amma na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbin, kuma a take na san na taɓa abin da ba zai gyaru da sauƙi ba. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Sai muka ji wata dariya daga cikin mata, irin ta tsohuwar da ba ta da haƙoran da za su tare ta. Gwaggo Dije ce. Ku ba ku riske ta da ƙarfinta ba. Mahaifinta da mahaifiyar Baba uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka ita da Baba taubasai ne, abokan wasa tun suna tsirara, kuma kun san tsakanin taubasai ba fushi, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya sai dai a haɗiye a rama. Ta dogara sandarta ta miƙe.

"Wannan ne ya gagare ku? Wannan da na sha kayarwa a gaban 'yanmata? Ku ba ni shi. Kun ɗauki yara masu kunya kun sa su gadin surukai, ku da hankalinku. Ku ba ni gadin, in ga wanda zan tuɓe wa takalmi."

Baba ya juyo, ya ce ita da ko kaza ba ta iya kamawa. Ta ce kaza ai tana da gudu, shi kuwa gwiwa ta ƙare. Aka fashe da dariya, har liman. Daga nan taron ya juye. Shehin hilla, mutum ne mai saurin ganewa, ya ce a tsaya, maganar tsohuwar nan abin dubawa ce. Aka shiga lissafa dangi: wane taubashin wane ne, wace jika ce ke iya cire wa kakanta hula. Mutanen unguwar Fulani, waɗanda iyayensu suka ajiye kiwo suka kama noma tare da mu, suka ce su a bar musu jikokin Barebari, da ma sun daɗe suna jiran ranar. Kafin magariba duk mai gatari a hillar nan an samo masa wanda ba ya jin kunyarsa. Samari za su ci gaba da zagaye saboda wuta da baƙi, amma in suka ji saran na gida, ba ruwansu da tunkararsa, su ruga su kira abokin wasansa. Wanda aka kama, a rataye gatarinsa a aduwar masallaci, ba zai sauke ba sai ya dasa itatuwa a inda ya sare, ya kuma dafa wa masu gadi jabana da hannunsa.

Baba ne aka fara kamawa, don ya ɗauka wasa ne. Babanku ya ji sara, ya zo da gudu ya ɗora Gwaggo Dije a jaki, ya kai ta bakin kwari, shi kuma ya laɓe a bayan kurmi. Shi ya ba ni labarin. Ta lallaɓa ta zauna daram a kan itacen da Baba ya kayar, ta ce sannu ango, irin wahalar da kake sha ke nan don tara sadakina? Ta miƙa hannu, ya yi ta zille-zille yana cewa mayya ce, a ƙarshe ya ba ta gatarin yana dariya. Ta saɓa shi a kafaɗa ta ratsa hilla da shi tana guɗa, yara na biye da ita. Washegari kakanku, mutumin da bai taɓa hura wuta ba tunda aka haife shi, ya zauna a bakin masallaci yana soya bunni, wato 'ya'yan gahawa, yana tari, Gwaggo na cewa ya ƙona. Bayan shi aka kama wasu, wata rana gatura suka yi reto a aduwar nan kamar 'ya'yanta. Kafin a gama yankan dawa sara ya tsaya cak, don ba dattijon da ke son a yi yawo da gatarinsa ana guɗa.

Kowa na dariya a hilla ban da ni. Baba ya yafe wa Gwaggo tun kafin ta sauka daga kan itacen, amma ni ba taubashiyarsa ba ce, 'yarsa ce. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. In na gaishe shi zai amsa, ya tambayi yara, shi ke nan. Da can kullum da hantsi yakan biyo ta gidanmu ya sha jabana, ya yi ta tsokanarku. Ya daina. Abincin da nake aika masa a karɓa, a ba almuru ya yi, a dawo da kwanon an wanke, daga baya na ji maƙwabta ke ci. Wannan ya ci mini rai ƙwarai. Na sha kuka a madafa in ce hayaƙi ne, kuma sau da yawa na ce da na sani da na bar dajin ya tafi.

Mufattish ya dawo bayan kaka kamar yadda ya ce. Ya zagaya kwari ya tarar sara ya tsaya, duk inda aka sare kuma an dasa tsiro an kewaye shi da ƙaya. Da aka gaya masa yadda aka yi, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce shi bai san ta yadda zai bayyana wa na sama da shi wannan tsari ba, amma daji ya zauna a hannunmu. A zaman nan na kawo maganar da ta daɗe tana damuna, cewa hana tsofaffi sana'arsu gaba ɗaya ba adalci ba ne. Aka yarda a raba kwarin talha kashi-kashi, kowace shekara a buɗe kashi ɗaya a sara, a bar sauran su huta su tofo. Baba ya koma kai itace Doka da izini, kansa a sama. Amma ta ƙofar gidana yake wucewa da jakinsa bai leƙo ba, haka muka yi damina biyu.

Sai ya kwanta ciwo, mai tsanani, har aka fara kiran dangi. Ya ce a kira masa ni. Na shiga na durƙusa nesa da gadon, ya yafito ni da hannu.

"Uwani, har yanzu kina cikin lajnar nan?"

Na ce ina ciki, Baba.

"To, ina da buƙata. Itacen da za a rufe kabarina da shi, ɗanye nake so, mai ƙwari. Ku zauna ku ba ni izini tun ina da rai. Kada a sara a ɓoye, Dije ta biyo ni can tana guɗa."

Na kama ƙafarsa na ce ya yafe mini. Ya ce ba abin yafewa. Ya ce da ƙarya na yi masa da tuni ya manta, gaskiya ce ta yi masa nauyi, kuma kunyata yake ji, shi ya sa ya kasa shigowa gidana, kullum in ya zo ƙofar sai ƙafarsa ta ƙi. Ya dafa kaina ya sa mini albarka, doguwa, har da ku da 'ya'yan da ba ku haifa ba tukuna.

Lajna ta zauna a ranar, aka ba shi izini ba wanda ya ce uffan. To, kun san halin kakanku. Yana jin an ba shi izini sai ya warke! Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, yana shan jabanata kowace hantsi yana cewa ta yi ruwa. Duk inda Gwaggo Dije ta gan shi sai ta ce izinin nan fa ya kusa lalacewa, ya yi amfani da shi ko a ba wani. Shi kuma ya ce sai ya ga bayanta tukuna.

Ranar da ya cika, da safe ne, babanku ya ɗauki gatarin ya nufi kwari da samari. Gwaggo Dije ta ce sai an tafi da ita, ita ce mai gadinsa. Lokacin ko tsayuwa ba ta iya yi sosai, aka ɗora ta a jaki, ni na riƙe ta. Ta zauna tana kallo ana sara, bakin nan da bai taɓa hutawa ba ya yi shiru. Da babanku ya ga itacen ya isa, ya fara ɗaurewa, sai ta ɗaga sanda.

"Ku ƙara masa ɗaya," in ji ta. "Ɓarawon nan bai taɓa ƙoshi da itace ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Babanku ya dube ni, ni ce 'yar lajna a wurin. Na ce a ƙara masa.